Gurbin Yara Naƙasassu a Makarantun Wurno da Rabah da Goronyo

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin gabashin Sakkwato)



 Batun da aka ɗora mana shi ne ilmin yaran da Allah ya jarraba da wata naƙasa, watau makafi da kurame da guragu da masu jinkirin fahimta: shin ya kamata su zauna aji ɗaya da sauran yara, ko kuwa a ware musu tasu makaranta? Za mu tsaya ga ƙananan hukumomi uku na gabashin Jihar Sakkwato, Wurno da Rabah da Goronyo, domin da yawa daga cikinmu can aka yanke mana cibiya, kuma can za a tura wasunmu aiki in sun ƙare karatu. A yau hukuma ta fi son a ce "masu buƙata ta musamman", kuma lafazi ne mai kyau. Amma za mu riƙa kiran kowace lalura da sunan da iyayenmu suka san ta da shi, don kada ladabin baki ya rufe mana ganin yaran da ake magana a kansu.

Bari mu faɗi ra'ayinmu tun da fari, sa'an nan mu kawo hujja. A ganinmu, makarantar firamare ta garin yaro ita ce makarantarsa, ko yana gani ko ba ya gani, ko yana tafiya da ƙafa ko yana jan jiki. Aikin hukuma shi ne ta kai wa wannan makaranta gwaninta da kayan aikin da yaron yake bukata, maimakon ta jira a kawo mata yaron birni.

SU WANE NE WAƊANNAN YARA?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Acida ko ta Goronyo ya san makaho da ɗan jagoransa. Mun saba ganinsu har idonmu ya daina tsayawa a kansu. To, mu dubi ɗan jagoran nan da kyau. Yawanci yaro ne ɗan shekara takwas ko goma, lafiyarsa ƙalau, kuma a lokacin da yake riƙe da sanda tsaransa suna aji. Idan wanda ake ja ɗin shi ma yaro ne, ashe makanta ɗaya ta fitar da yara biyu daga makaranta. Haka abin yake a cikin gidaje, inda akan tsare yarinya ta zauna da ƙanenta gurgu domin uwa ta samu ta yi surfe ko ta je rafi. Saboda haka maganar ilmin naƙasassu ta shafi yara fiye da waɗanda lalurar ta kama.

Yawancin waɗannan lalurori ba da su aka haifi yaran ba. Ƙyanda, idan ta tarar da yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, takan tafi da idonsa. Sanƙarau yakan bar wanda ya tsira da kurunta. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Arewa, fiye da 11,000 suka rasu, kuma ciwon ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato a 2017. Doguwar naƙuda a gida takan taɓa ƙwaƙwalwar jariri, haka ma zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai. Ciwon noma, mai cinye baki da fuskar yara, shi ya sa aka buɗe masa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Shan inna kuwa, alhamdu lillahi, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma yaran da ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu, wasu sun zama samari da 'yan mata ba su taɓa taka ƙofar aji ba.

Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya suke da wata naƙasa, watau kimanin ɗaya cikin kowane goma. In muka auna da wannan mudu, garin da yake da yara 300 da suka isa shiga makaranta ba zai rasa wajen 30 masu wata lalura ba. Kada a yi mamakin yawan, domin ba duka ne lalurarsu take bayyane ba. Akwai yaron da ba ya hango allo daga bayan aji, akwai wanda kunnensa ɗaya ya toshe tun yana goye. Waɗannan suna cikin aji tun tuni, ana ce musu daƙiƙai, ana dukansu, har su gaji su bar zuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan rashin sanin namu ne mu manya.

ALƘAWARIN DA AKA ƊAUKA A SAKKWATO

Abin lura ne cewa sau biyu ana ɗaukar wa yaran Nijeriya babban alƙawarin ilmi a birnin Sakkwato. A watan Janairu na 1974, a nan Janar Yakubu Gowon ya bayyana niyyar ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, aka kuma fara shirin a watan Satumba na 1976. Ranar 30 ga Satumba, 1999, a nan kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, wanda dokar 2004 ta mai da shi kyauta kuma tilas tun daga firamare har ƙaramar sakandare. A duka biyun an ce kowane yaro, ba a ce ban da makaho ko kurma ba.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe babi guda domin ilmin naƙasassu, ta kuma nuna cewa haɗa su da sauran yara shi ya fi dacewa, tun da yake cikin jama'a za su yi rayuwarsu. A shekarar aka buɗe kwalejin horar da malamansu a garin Oyo. A 1994 gwamnatoci 92 suka taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro, su gyara kansu su dace da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijeriya ta tabbatar da amincewarta a 2010. Daga bisani, a watan Janairu na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024.

Ashe ke nan ba doka muka rasa ba. Kowannenmu ya tuna firamaren da ya yi, ya tambayi kansa ko keken gurgu zai iya hawa barandar ajinsu, ko akwai malami ɗaya da ya iya rubutun makafi. Amsar da za mu ba kanmu ita ce tazarar da ke tsakanin takarda da ƙasa.

MAKARANTAR MUSAMMAN DA IYAKARTA

Hanyar da ilmin zamani ya fara bi da naƙasassu a ƙasar nan ita ce ta ware musu makarantu. Mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Wani Ba'amurke baƙar fata mai suna Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Badun a 1960. Bayan haka jihohi suka bi sahu: Kano tana da ta Tudun Maliki, mu kuma muna da makarantar A. A. Raji a cikin birnin Sakkwato. Ba mu zo nan don mu rage darajar waɗannan makarantu ba. Sun yaye malamai da ma'aikata, kuma gwanintar koyar da makafi da kurame a hannun malamansu take.

Amma mu duba al'amarin daga zauren manomin tafarnuwa a ƙauyen Goronyo. Ana so ya ɗauki ɗansa makaho ɗan shekara shida, wanda bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba, ya biya kuɗin mota ya kai shi birni, ya bar shi hannun mutanen da bai sani ba. In 'ya mace ce, abin ya fi haka wuya. Ga kuma halin da yankin ya shiga. Ba mu manta da harin Tabanni a ƙasar Gandi ta Rabah a watan Yuli na 2018 ba, wanda ya cika garin Gandi da 'yan gudun hijira, ko harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40. Uban da ya ga irin wannan ba zai yi saurin sa ɗansa a hanya sau shida a shekara ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ko da iyaye duka sun yarda, makaranta ɗaya ba za ta ɗauki yaran ƙananan hukumomi 23 ba.

Akwai kuma wata hasara da ba a cika faɗa ba. Yaron da ya yi shekara tara ko goma sha biyu a makarantar kwana cikin 'yan'uwansa makafi kaɗai, yakan komo garinsu kamar baƙo. Ba shi da abokin aji a unguwa, ba wanda ya taɓa ganin ya ci jarrabawa. Su kuma tsaransa sun girma ba su san makaho a wani matsayi ba sai a bakin masallaci da ƙoƙo. Gobe su ne hedimasta da kansila da mai ɗaukar ma'aikata, kuma da wannan ido za su dube shi.

GADON DA MUKA TARAR

Wasu sukan ce haɗa naƙasassu da masu lafiya a aji ɗaya ra'ayin Turawa ne da aka kawo mana daga Salamanka. Tarihinmu bai yarda da wannan ba. A makarantar allo ba a taɓa gina wa makaho tsangayarsa dabam ba. Tabarma ɗaya yake zaune da sauran almajirai, ɗan'uwansa yana biya masa, shi kuwa yana riƙewa da ka, sau da yawa ma ya riga masu ido haddacewa. Gurgu ma ba wanda ya hana shi zama gaban malam. Asalin wannan kuwa sananne ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka sa'ad da ya zo neman ilmi, ya yi ladanci tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla idan zai yi tafiya.

A ƙasar Hausa muna da Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu cikin masu ido, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. A Masar akwai Ɗaha Husaini, makaho tun yarinta, wanda ya yi karatu a Azhar da Faransa, ya zama ministan ilmi a 1950. Babu ɗayansu da aka ware wa aji.

Wurno kanta shaida ce a kan yadda magabatanmu suka ɗauki ilmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta ribaɗi, ya zauna cikinta yana mulki yana karantarwa yana wallafa, har ya rasu a can a 1837. Mahaifinsa Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da almajirai daga nesa, su bar matansu da 'ya'yansu na cikin gida cikin jahilci. 'Yar'uwar Bello, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo birni karatu ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta horar da su, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa, su kuwa suka riƙa kai karatu ƙauyuka suna komowa da tambayoyi. Mu riƙe wannan dabara, za mu komo kanta.

Gaskiya kuma ita ce gadon namu yana da gurbin da bai cika ba. Makarantar allo ta dace da makaho ne domin karatunta na kunne ne, shi kuwa kurma a waje aka bar shi. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu sun ba naƙasassu shugabanci da tsari a garuruwanmu, amma a kan bara aka gina tsarin. Har karin maganarmu ba ta raga musu ba, ga shi mukan ce makaho ya rasa ido ya ce ido na wari. Abin da ya kamace mu shi ne mu ɗauki mai kyan gadon mu ɗora a kansa.

HUJJOJIN MASU JA DA BAYA

Masu shakkar wannan shiri suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko sukan ce azuzuwan karkara sun cika sun batse, malamai sun yi ƙaranci, wani ajin ma ba rufi, to ina malami zai samu sukunin kula da makaho? Wannan gaskiya ne, kuma muna ƙara musu da cewa ajiye yaro a lungun aji ba tare da taimako ba wulaƙanci ne, ko da sunansa yana cikin rajista. Amma mu lura, abin da ake zaɓa a ƙauye a yau tsakanin ajin nan ne mai cunkoso da zaman gida ko bara, domin kyakkyawar makarantar musamman ba ta kusa. Bugu da ƙari, mafi yawan gyaran da yaro mai lalura yake bukata sauran yara ma suna amfana da shi. Malamin da ya saba faɗin abin da yake rubutawa a allo domin makaho, ya taimaki duk na bayan aji.

Na biyu sukan ce yara za su yi masa ba'a. Za su yi, kamar yadda suke yi wa kowane baƙo, kuma suna yi masa a titi tun yanzu, inda babu malamin da zai tsawata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya zauna benci ɗaya da gurgu shekara shida, ya ga ya fi shi lissafi, da wuya ya girma yana raina guragu. A nan ne kuma za a kashe camfe-camfe, kamar cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawun mai ita. Ba a ɗauka, kuma akwai maganin da yake tsai da ita.

Na uku, iyaye sukan ce abin da yaron yake samowa a bara shi ake sa wa a tukunya. Wannan hujjar talauci ce, ba a amsa ta da wa'azi kaɗai. Dole tallafin da hukuma ko zakka ko waƙafi za su bayar ya bi ta hanyar makaranta, watau gidan da ya sa yaronsa a aji shi ne farkon samu. Limamai da hakimai da su kansu sarakunan makafi da guragu, in aka shigo da su tun farko, maganarsu ta fi ta kowane jami'i shiga kunne. Da ɗan gari akan ci gari.

Hujja ta huɗu ita ce mafi ƙarfi, kuma ta shafi kurame. Kurma ɗaya tilo cikin yara sittin masu ji, da malamin da bai iya maganar hannu ba, zai wuni yana kallon leɓɓa ne kawai. Kurma yana bukatar harshe, harshe kuwa sai cikin jama'ar da take amfani da shi. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu, maganar hannu, wadda wata Bajamushiya masaniyar harshe, Constanze Schmaling, ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, ta nuna cewa cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. Makarantun kurame kuwa sun fi amfani da wadda ta samo asali daga Amurka ta hannun Foster. Saboda haka ba mu ce a warwatsa kurame ɗaya ɗaya ba. Shawararmu ita ce a keɓe musu aji a cikin babbar firamaren Wurno da ta Rabah da ta Goronyo, da sauran manyan garuruwa irin su Acida da Gandi, su yi karatu tare da malamin da ya iya maganar hannu, su kuma yi taron safe da wasa da salla tare da kowa. Haka nan akwai yaran da lalurarsu ta yi tsanani, waɗanda za su ci gaba da bukatar makarantar musamman ko kulawa a gida. Waɗannan kaɗan ne, bai kamata a rufe ƙofa ga masu yawa saboda su ba.

JAJIN ZAMANI

Yanzu mu komo ga dabarar Nana Asma'u. Ba zai yiwu a sa gwanin koyar da makafi a kowace firamare ba, kuma ba a bukatar haka. Abin da ake bukata shi ne kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi wasu daga cikin malamanta 'yan ƙasa, maza da mata, a tura su horo a sassan ilmin naƙasassu na Jami'ar Bayero ko Jami'ar Jos ko kwalejin Oyo. In sun komo a ba kowannensu babur da rukunin makarantu, ya riƙa zagaya su mako mako. Shi zai koya wa makaho rubutun makafi, ya nuna wa malamin aji yadda zai tafi da shi, ya juya masa jarrabawa, ya shiga gida ya zanta da iyaye. Makarantar A. A. Raji sai ta zama uwa, inda waɗannan malamai za su riƙa komawa ƙarin sani da karɓar littattafai, kamar yadda jajis suke komawa wurin uwar taru.

Rubutun makafin nan ba wani abin tsoro ba ne. Wani yaro Bafaranshe, Louis Braille, wanda ya makance yana ɗan shekara uku, shi ya tsara shi a 1824 yana da shekara 15. Ɗigo shida ne kacal masu tudu, ana sassauya su su ba da kowane harafi, ana karantawa da yatsa. Da ɗan allo da tsinke ake rubuta shi, kuma ana rubuta Hausa da Larabci da shi, har Alƙur'ani mai girma an buga. A yau kuma wayar hannu tana iya karanta wa makaho rubutu da murya. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta yi wa makafi tsari na musamman na jarrabawar shiga jami'a. Ƙofar sama a buɗe take, ta ƙasa ce a rufe.

Sauran gyare-gyaren ba su kai kuɗin fentin ofis ba. A zaunar da mai raunin gani da zabiya a gaba, nesa da hasken taga, a bar zabiya ya sa hula mai baki da riga mai dogon hannu. Malami ya fuskanci aji in yana magana, domin mai raunin ji ya ga bakinsa. A gwada idon kowane ɗan aji ɗaya da takardar gwaji, wanda yake bukatar tabarau a tura shi asibiti. A yi gangara a maimakon matakala a ƙofar aji, a faɗaɗa ƙofar masai yadda keke zai shiga, domin rashin masai kaɗai ya isa ya hana gurguwa zuwa makaranta. Mai jinkirin fahimta a ƙara masa lokaci, a kuma haɗa masa da sana'ar hannu.

Kuɗi fa? Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin bai-ɗaya, kuma cikin wannan asusu akwai kashi 2 cikin 100 na ilmin naƙasassu. Kaɗan ne, amma haƙƙinmu ne mu tambayi hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha nawa ya iso, nawa kuma ya wuce birni ya kai karkara. Ƙasar da ta iya tare Gulbin Rima ta gina madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, ba za ta ce gangarar siminti ta gagare ta ba.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

'Yan'uwa, Sardauna Ahmadu Bello haifaffen Rabah ne. Ya yi karatu a Sakkwato da Kwalejin Katsina, ya koyar, sa'an nan ya komo Rabah hakimi a 1934. Tsararsa sun ɗauka cewa wanda jama'a ta ilmantar bashi ne a kansa, kuma a gida ake fara biya. Mu ma da dukiyar manoman albasa da shinkafa na fadamun Rima aka gina azuzuwan da muka zauna.

Ga abin da muke roƙo. Ɗalibai, idan an yi hutu kowa ya je wurin mai unguwarsu da hedimasta, a bi gida gida cikin ladabi a rubuta yaran da wata lalura ta hana zuwa makaranta, da waɗanda suke ja musu gora ko zaman jinyarsu. 'Yan'uwanmu mata su ne za su iya shiga cikin gidaje, inda aka fi ɓoye 'yan mata masu lalura. A tara sunayen a miƙa wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafe, domin yaron da ba a ƙidaya ba ba a yi masa kasafi. Masu karatun malanta su nemi koyon rubutun makafi da maganar hannu tun kafin su fita, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙananan ma'aikata kuwa, ta teburinku takardu suke bi. Injiniyan da aka kawo wa zanen aji ba gangara ya mai da shi a gyara, doka tana bayansa. Jami'in ilmi ya tambayi hedimasta yara nawa masu lalura ya ɗauka bana. Ma'aikacin lafiya ya tuna cewa allurar ƙyanda da ta sanƙarau da awon ciki su ne maganin naƙasa tun ba ta zo ba. Wanda aka sa cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata ya tuna cewa dokar 2019 ta nemi hukumomin gwamnati su ba naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ran da iyaye a Goronyo suka ga makaho yana koyar da 'ya'yansu, yana karɓar albashi, yana riƙe da iyalinsa, ran nan ba sai an roƙe su su kawo nasu ba.

Muna kuma roƙon ƙungiya, in za a sake zama kan wannan batu, a gayyato ɗalibai makafi da kurame da guragu da suke cikin jami'o'inmu su yi magana da bakinsu da hannunsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida, ya sa ilmin da muke nema ya amfane mu ya amfani na bayanmu.